Lodi Na Biyar Yana Wurin Lawwali

Sun haɗu! Wallahi tallahi sun haɗu! Jiya da hantsi a Maigatari muka jera lodi huɗu na kiɗan Baba Shofer, nawa da na Malam Habu da na Zainabu da na Isufu, kowanne ya shige cikin ɗan'uwansa caf, kamar tukunya da murfinta. In kun ga kuskure a rubutun nan ku yi haƙuri, a bayan babur na fara shi.

Saura ɗaya. Na biyar, na ƙarshe, yana hannun Lawwali na Sule Tankarkar, kuma shekara guda ke nan ba wanda ya san inda yake. In ba a same shi ba, kiɗan nan ya zauna ba ƙarshe ke nan har abada. Shi ya sa na kasa zama, na kasa cin abinci, sai latsa waya nake kamar wanda aka biya.

'Yan Gareji kun san komai. Amma tunda so nake rubutun nan ya fita waje, bari in yi wa baƙi bayani. Sunana Sadiku, ina karatu a Gumel. Baba Hashimu, wanda kowa ke kira Baba Shofer, tsohon direban babbar mota ne a Maigatari. A hanyar Damagaram ya koyi jita, wurin wani Buzu da suka yi shekaru suna tafiya tare. Da ido ya hana shi tuƙi, sai ɗiyarsa ta ba shi waya mai shafawa, ta buɗe masa guruf. Shi ya raɗa wa guruf ɗin suna Gareji. A nan yake koya mana jita, kowa daga garinsu, ba mu taɓa zama a gabansa ba.

Kun tuna yadda yake fara saƙon murya? Sai ya yi gyaran murya kamar zai tayar da inji da sanyin safiya, sannan:

"Alo? Alo? Ana ji na? Salamu alaikum. Kun kwana lafiya? Ya gida? Ya iyayen naku?"

Sai ya yi shiru. Jira yake a amsa! A saƙon da ake naɗa, jama'a! Can sai ka ji ya ce, "To madalla, madalla. Haka ake so."

Minti biyu cur ana gaisuwa kafin a taɓa jita. Ni kuma ga datata tana tsiyaya. Wata rana na ce, "Baba, ai ba ma jin ka a lokacin, sai daga baya." Ya ce, "To daga bayan ba kwa amsawa?" Na ce muna amsawa a zuci. Ya ce, "Bon," wato "to" da Faransancinsa na hanya. "Ita nake ji."

Ranar da aka saka ni a guruf ɗin, zuwa na yi da zafina. Na ari jita wurin wani abokina da ya saya don ɗaukar hoto kawai. Kafin azahar na tura saƙo ya kai talatin. Baba yaushe za a fara? Baba wace waƙa? Baba ni fa nan da Sallah nake so in fashe. Har da 'yan hotunan wuta da na tafi.

Baba bai karanta ko ɗaya ba. Murya ya turo: "Wane ne wannan mai zubo rubutu kamar akawun kotu? Kar a sake rubuto min, ni ba alƙali ba ne. Mai baki ya yi magana. Kai sabon zuwa, ka ga babbar wayar jitar can ta sama, mai kauri? Ita za ka buga. Ita kaɗai. Tum, tum, tum. Sati uku."

Na ce, "Baba, sati uku waya ɗaya?"

Ya ce, "Dusuma, yaro. Ka taɓa ganin an tashi mota da giya huɗu?"

Dusuma, wato a hankali. Kalmar da ta fi kowace cin raina ke nan a duniya. Sati uku ina tum tum tum a ɗaki, har abokin kwanana ya fara tambayata ko sakwara nake kirɓawa. Na tura wa Baba. Ya saurara, ya ce, "Ankor." Wato a sake. Na sake. Ankor. Na sake. Ya ce, "Wannan babban yatsan naka, a latsa waya dai jirgi ne, a jita kuma jakin da bai sha ruwa ba."

Sai kuma babbar masifar: gogewa. Duk darasin da Baba ya turo da safe, kafin la'asar ya goge shi. Ga kowa da kowa. Ka ji, ka ji. Ba ka ji ba, kai ka jiyo. In kana aji, in wayarka na wurin caji, in sabis ya ɗauke, wannan matsalarka ce. Zainabu, da ke aiki a asibitin Ɗanzomo, ta taɓa roƙonsa ya bari ko zuwa isha'i, don wani lokacin tana kan aiki.

Ya ce, "Ɗiyata, abin da ke cikin waya na waya ne. In ta faɗa rijiya fa? Ni wanda ya koya min sau ɗaya yake bugawa, a saman buhunan gero, mota na tafiya, iska na kwashe rabi. Kunne ne aljihun da ba a yanka."

Zainabu ta ce, "Baba, allura nake yi wa mutane a lokacin."

Ya ce, "To ki sa abin kunne. Allura da hannu ake yi."

A saman mushen wata tsohuwar mota da ke bayan gidansa yake naɗar darasin, don a cewarsa nan kaɗai sabis ɗin Najeriya ke tsayawa. In ya sauko ƙasa sai layin Nijar ya fizge wayar. Dattijo mai shekara saba'in da wani abu, da jita a baya, yana hawa bodin mota kullum safiya! Ranar Alhamis kuwa, ranar kasuwa, darasi ya zama gwanjo. Kana cikin sauraron kiɗa mai sanyi sai ka ji, "Kai mai raƙumi! Janye shi daga jikin katangata! ... Bon, ina muka tsaya? Yatsa na biyu."

Yanzu bari in tona wa kaina asiri, tunda duk kun sani. Maganar bahago.

Sau ɗaya tak Baba ya taɓa turo bidiyo, don ya nuna yadda ake riƙe jita da inda yatsu ke zama. Da kyamarar gaba ya ɗauka, irin ta selfi. Ni ban san wayarsa tana juya hoto kamar madubi ba. Na ga wuyan jitar yana hannun damansa, hagu na kaɗawa. Na kalla ya fi sau hamsin kafin la'asar, na haddace tsaf. Da na juya tawa jitar haka, sai na ga babbar waya ta koma ƙasa, tasa kuma tana sama. Ka san me na yi? Zama na yi na kwance wayoyin nan shida, na juya su ɗaya bayan ɗaya. Har ina yaba wa kaina, ina cewa kai Sadiku akwai kwanya.

Wata huɗu ina fama. Tunda murya kawai muke turawa, ba wanda ya gani. Yatsuna suna tsagewa, wuyana na ciwo, ina cewa haka harkar take, ba a samun daɗi sai an sha wuya. Sai ranar da Baba ya ce kowa ya turo hoton hannunsa. Abokin kwanana ya ɗauke ni, na tura ina ta washe baki.

Can sai ga murya, ko gaisuwar babu, abin da bai taɓa faruwa ba.

"Sadiku. Kai bahago ne?"

Na ce, "A'a Baba, irin naka na yi."

"Irin nawa? Ni ne bahagon?"

"A bidiyon nan, Baba..."

Sai muka ji ya ɗaga murya yana kiran matarsa daga saman mota: "Talatu! Ke Talatu! Da wane hannu nake cin tuwo?"

Daga can cikin gida Inna Talatu ta amsa, tar kowa ya ji: "Da duka biyun, in ka samu!"

Wayyo cikina! Malam Habu, malamin firamare a Gagarawa, mutumin da ko murmushi sai da dalili, ya ce a gaban ɗalibai ya saurara, sai da ya fita waje ya dafa bishiya. Isufu daga tsallaken iyaka ya turo murya, ba magana a ciki, tari kawai da haki.

Ni kuwa kuka ne kawai ban yi ba. Wata huɗu! Na ce, "Baba, bari in juya in faro daga farko." Ya ce, "Kul. Motar da ta yi nisa ba a mayar da ita tasha don sitiyarinta na dama. Ci gaba a haka. Amma kar ka ce ni na koya maka." Har ya rasu bai yarda kyamara ce ta juya shi ba. Cewa yake idona ne a karkace.

Maganar wayar jita kuma fa? Ranar da ƙaramar wayata ta tsinke, na ce zan sa a kawo min sabuwa daga Kano. Baba ya ce, "Kano? Don waya ɗaya? Tashi ka je wurin mai gyaran babur, ka ce ya ba ka tsohuwar wayar kuloci da ya yar. Ka warware ta, ka zare sili ɗaya, ka goge da toka."

Na ce, "Haba Baba, sabuwa fa ta fi zaƙi."

Ya ce, "Sabuwa ba ta san hanya ba. Wannan ta je Gagarawa ta dawo ya fi sau dubu."

Na je. Mai gyaran ya dube ni, ya dubi jitar, ya ce, "Kai ma ɗan Shofer ne?" Ashe har Gumel an san mu. Kuma abin haushin, wallahi wayar ta yi. Tana jikin jitar har yau.

To yanzu lodi. Baba yana da kiɗa guda ɗaya nasa na kansa, wanda ya ƙaga a shekarun da ya yi a hanya. Bai sa masa suna ba, Lodi kawai yake ce masa. Bai taɓa buga mana shi duka ba. Raba shi ya yi gida biyar. In ya ga hannun ɗalibi ya nuna, sai ya bi shi ta bayan fage, ya koya masa kashi ɗaya, ya goge, ya kuma ja masa kunne kar ya buga wa kowa a guruf.

Da ya ba ni nawa, na uku, na ce, "Baba, me zai hana ka ba ni duka? Ina da ƙwaƙwalwa fa."

Ya ce, "Mun gani a hoto." Sannan ya ce, "Direba mai hankali ba ya zuba dukiya duka a mota ɗaya. In ta kife an yi asara gaba ɗaya. Mota biyar, kowa ya riƙe lodinsa. Sai an isa tasha a sauke."

"Ina ce tashar, Baba?"

"Ranar da kuka ji an ce Shofer ya kashe inji."

Dariya muka yi. Wa ya ɗauka da gaske yake?

Nan ne zancen Lawwali ya shigo. Lawwali tela ne a Sule Tankarkar, kuma duk Gareji ba mai hannunsa. Ba na jin kunyar faɗa yanzu, a lokacin kuwa abin yana ci na. In ni na samu ankor goma, shi sai a ce masa, "Wala! Haka ake yi." Muna hira da shi sosai ta bayan fage, mutumina ne. Wata rana ya ce zai gaya min sirri. Ashe duk darasin da Baba ya turo, sai ya kunna a wayarsa, ya kanga wayar yayarsa ya naɗe, ya adana a memori. Tun daga ranar farko. Har gaisuwar. Ya ce, "Sadiku, tsohon nan ba zai dawwama ba. Wata rana za mu nemi muryar nan."

Ni kuma ɗan banzan yatsan nan nawa! Ko minti biyar ba a yi ba, Baba ya sake ce min ankor a guruf, ya ce in je in saurari yadda Lawwali ke yi. Raina ya ɓaci. Kafin ƙwaƙwalwata ta farga, yatsa ya riga ya danna: "Ai dole ya fi mu Baba, tunda shi naɗewa yake yana ajiyewa." Da baki na faɗa, don Baba ya ji da kyau. Har da 'yar dariya a ƙarshe, wai wasa nake.

Baba ya tambaye shi, "Lawwali, gaskiya ne?"

Ya ce, "Gaskiya ne, Baba."

"Goge."

"Baba, ka yi haƙuri, ba zan iya gogewa ba."

"To sauka daga motata."

Ya cire shi. A gabanmu. Na bi Lawwali ta bayan fage ina cewa wallahi wasa nake, ya karanta bai amsa ba. Bayan sati biyu layinsa ya daina shiga. Na je Sule Tankarkar ranar kasuwa, na tarar da wani a kan kekensa. Aka ce ya tafi neman aiki, wani ya ce Legas, wani ya ce Agadas, yayarsa kuma ta yi aure ta bar garin. Baba bai sake ambatar sunansa ba. In wani ya ɗauko zancen sai ya ce, "Yatsa na biyu," a ci gaba da darasi.

Ganina da Baba ido da ido sau ɗaya ne, a gadon asibiti a nan Gumel, kwana uku kafin rasuwarsa. Da ma ya hana mu zuwa gidansa, wai maƙwabcinsa liman ne, kar a gan mu da jita a ce ya buɗe gidan gala. Na shiga na durƙusa, na ce ni ne Sadiku. Ashe ɗan ƙaramin mutum ne, muryar ce kawai babba. Ya ce, "Bahago? Miƙo hannun." Ya shafa kan yatsuna na dama, ya ji kanta. Ya ce, "Ta fito. A hannun da ba shi ba, amma ta fito."

Sai ya juya wurin Inna Talatu: "Kin goge na jiya?" Ta ce, "Malam, ka bari ka warke mana." Ya ce, "La'asar ta wuce. Goge." A gabana ta goge.

Na tashi zan tafi ya riƙe rigata. Ya ce, "Telan nan fa? An ji ɗuriyarsa?"

Na ce a'a.

Ya ce, "Na biyar yana wurinsa. Tun kafin abin ya faru na ba shi. Shi ne mai wuyar, shi kaɗai zai iya ɗauka."

Na ce, "To Baba, me ya sa ka kore shi?"

Ya saki rigata. Sannan ya ce, "Direba yakan sauke fasinja mai taurin kai. Amma ba tafiya yake ba. Gaba kaɗan yake tsayawa, ya bar inji a kunne, yana leƙen madubi. Na tsaya, yaro. Bai biyo ba."

Shekaranjiya aka yi addu'ar arba'in. Jiya, da baƙi suka watse, Inna Talatu ta aiko ta ce mu huɗun mu zo da kayanmu, ta riga ta yi wa liman magana. Ranar ce farkon ganina da Isufu da Zainabu a fili. Muka zauna a inuwar mushen motar nan. Malam Habu ya fara da na ɗaya, yana kaiwa ƙarshe Zainabu ta ɗauka, kamar da ma tare suka koya. Ni na karɓa, jitata na kallon gabas ta kowa na kallon yamma. Isufu ya ɗora na huɗu. Jama'a, tsigar jikina! Hanya ce sak. Kana jin tashin mota, kana jin hawan tudu, kana jin inda gari ke ɓacewa a baya. Na huɗun ya yi ta hawa, ya yi ta hawa, ya kai wani wuri sama, sai ya tsaya cak, kamar wanda ya ɗaga ƙafa zai taka bai taka ba.

Muka yi tsalle, muka yi ihu. Inna Talatu kuwa tana zaune a tabarma, ta ce, "Ku ci gaba mana. Ai yanzu ne zai sauko gida."

Na ce, "Inna, iya namu ke nan. Ke da kika shekara arba'in kina ji, ko za ki ɗan rera mana ƙarshen?"

Ta gyara zama, ta buɗe baki, ta fitar da wani sauti kamar ƙofar langa-langa. Ita da kanta ta fashe da dariya. Ta ce, "Kunnena ya sani, bakina bai sani ba. Shi ma marigayin cewa yake in ina waƙa kaji ke barin gidan." Tana dariyar tana share ido da gefen mayafi.

Da na hau babur zan dawo, na buɗe Gareji na yi ta ja sama, ina neman ko da tari ɗaya na Baba. Shekara biyu. An goge wannan saƙon. An goge wannan saƙon. An goge wannan saƙon. Tun daga sama har ƙasa.

Allah ya jiƙan Baba Hashimu. Allah ya yafe masa kurakuransa, ya haskaka kabarinsa, ya sa ya sauka lafiya a gidan da ya fi nan. Allah ya ba Inna Talatu haƙuri da dangana. Amin.

Lawwali, in wannan ya iso gare ka: ni ne Sadiku, ni na yi maka, kuma ba wasa ba ne, hassada ce. Ka yafe min. In ba za ka iya magana da ni ba, kar ka yi, nemi Malam Habu ko Zainabu, layinsu bai canja ba. Baba ya tambaye ka a gadon asibiti. Inna tana jiran na biyar. Memorin nan kuma da aka kore ka saboda shi, don Allah in yana nan, ka riƙe shi da kyau. Ba wanda zai ce ka goge.

Ku kuma da kuka karanta, don Allah ku tura gaba. Guruf ɗin teloli, na 'yan acaba, na direbobi, na 'yan Jigawa mazauna ko'ina, har tsallaken iyaka. Dogo ne, siriri, yana da ɗan tabo a gira ta hagu, in yana ɗinki ƙafarsa ɗaya na kan keke ɗayar na buga kiɗa. Ku tura har ya gani.